Kun Tambaya, Mun Amsa: Zaman Unguwa da Bukukuwa a Cikin Malayawa

Wasiƙun wannan fitowar sun zo ne daga 'yan'uwanmu mazauna Maleshiya, ɗalibai da iyalansu, waɗanda suka kama haya a unguwannin da 'yan ƙabilar Malay suka fi yawa. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita tambayoyin saboda wuri.

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da muka tare ni da iyalina a wata unguwa a gefen Kuala Lumpur. Maƙwabta suna amsa sallama da murmushi, amma iyakarta ke nan. Ana biki a layinmu, ba ma sani sai mun ga rumfa. Ko wani laifi muka yi? (Ɗalibi mai iyali, Gombak)

Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, ba ka yi laifin komai ba. Malayawa mutane ne masu kunya da kawaici, kuma a tarbiyyarsu kutsa kai cikin sha'anin baƙo rashin ladabi ne. Jira suke su ga inda za ka sa ƙafa.

Inda za ka fara sa ta shi ne surau, ƙaramin masallacin unguwa da ake salloli biyar a ciki. Juma'a a babban masallaci ake yi, sai in hukumar addini ta jiha ta ba surau ɗin izini na musamman. Ka lazimci Magariba, wadda a yankin Kuala Lumpur take kamawa da bakwai da 'yan mintuna, ka zauna har Isha'i. Daren Juma'a kada ya wuce ka. Bayan Magaribar Alhamis ana karanta Yasin tare, a yi tahlili da addu'a, sannan a zauna a sha shayi da ɗan abin taɓawa. A wannan zaman ake sanar da wanda zai aurar da 'ya, da wanda ke kwance a asibiti, da ranar aikin gayya. Duk wanda aka saba ganin fuskarsa a nan, katin gayyata har gida zai same shi.

Mazhabar Shafi'i suke bi. Za ka ji liman yana bayyana Bismillah a Fatiha, kuma a Asuba ana ƙunuti a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'in raka'a ta biyu. Bi limaminka, kada ka mai da abin muhawara. Ga mai ilimi kuma akwai gargaɗi: harkar addini a hannun jihohi take, kowace jiha da majalisarta, kuma koyarwa ko wa'azi a masallaci ba tare da takardar izinin da suke kira tauliah ba laifi ne da ake hukuntawa. In sun ji daɗin karatunka suka ce ka riƙa yi musu darasi, ka ce kwamiti ya nemo maka izini tukuna.

Bayan mako biyu ko uku, nemi sakataren kwamitin surau ka roƙi a sa lambarka a zauren WhatsApp na unguwa, ka kuma tambayi ma'ajin ƙungiyar mazauna unguwa nawa ake biya a wata na tsaro da tsafta. A wasu unguwannin za ka tarar da Rukun Tetangga, tsarin da gwamnati ta kafa a 1975 don sintirin dare da haɗa kan maƙwabta. Ko ba za ka iya sintiri ba, ka halarci taronsu.

Sai gotong-royong, aikin gayyar unguwa. Yawanci safiyar Asabar ko Lahadi ake yi, daga wajen ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya (a Kedah, Kelantan da Terengganu hutun mako Juma'a da Asabar ne). Ana yashe kwata, a sare ciyawa, a share maƙabarta ko harabar surau. Ka fito da safar hannu da manjagara ko fartanya. Aikin yana da dalili mai ƙarfi: sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi a tsaftataccen ruwan da ya kwanta yake ƙwai, irin na farantin ƙarƙashin tukunyar fure, tsohuwar taya da indararon da ya toshe. Jami'an lafiya suna shiga gida-gida, kuma in suka sami tsutsar sauro tarar tana kaiwa ringit 500 (ringit shi ne kuɗin Maleshiya).

Kiran mutum da sunansa gatsau yana yi musu nauyi a kunne. Sa'an mahaifinka Pak Cik ne, sa'ar mahaifiyarka Mak Cik. Wanda ya ɗan girme ka Abang, mace Kak, ƙarami Adik. Wanda ya sauke farali Tuan Haji ko Hajah. Nuni da babban yatsan dama ake yi, sauran yatsu a naɗe. In za ka gifta gaban manya suna zaune, ka ɗan rusuna ka miƙa hannun dama ƙasa. In kuma maƙwabciya ta aiko wa maiɗakinka abinci, kada kwanon ya koma wayam.

Assalamu alaikum. Maƙwabciyata za ta aurar da 'yarta ranar Lahadi. Ta kawo kati da kanta, ta kuma ce in na sami lokaci in leƙo tun Juma'a wajen "rewang". Me ake yi a can, me zan kai, nawa ake ba da gudummawa? (Uwargida, Shah Alam)

Wa alaikumus salam, Uwargida. Kati kowa ana ba shi, kiran ranar Juma'a kuwa na waɗanda aka ɗauka 'yan gida ne. "In kin sami lokaci" salon maganarsu ne kawai, ana sa ran ganinki.

Rewang aikin gayya ne da dangi da maƙwabta ke yi kwana biyu ko uku kafin walima. Maza su kafa rumfa, su jera tebura, su yanka nama, su wanke manyan kasaken ƙarfe. Mata su zauna a da'ira suna ɓare albasa da tafarnuwa, suna kankare citta, suna cire 'ya'yan busasshen barkono, suna yanka kokwamba da karas da abarba na haɗin tsami. Tafi da ƙaramar wuƙarki mai kaifi, ki ɗaura mata zare a ƙota don ki gane ta, domin wuƙaƙen gidan ba sa isa. In kina da hali ki riƙa sukari kilo biyu, ko jarkar mai, ko kiret ɗin ƙwai. Shugaban girki ɗaya ne, sau da yawa dattijo namiji, kuma ba a ƙara gishiri ko yaji a tukunyar da ba a damƙa wa mutum ba.

Lissafin masu girkin walima kusan ɗaya ne ko'ina. Kilo ɗaya na shinkafa yana ciyar da mutum takwas zuwa goma, kaza ɗaya a yanka ta gida goma sha biyu, kilon nama na mutum goma ko sha biyu. Walimar mutum 500 ke nan tana cin shinkafa kilo 55 zuwa 60, kaji kusan 45, nama kilo 45 zuwa 50. Babban abincin shi ne nasi minyak, shinkafar da ake dafawa da man shanu, madara, kirfa da kanumfari. Ana haɗa ta da kaza a jar miya, da nama, da miyar wake da kayan lambu da suke kira dalca, da jan lemo mai ƙamshin fure.

Matsalar shinkafa a babban kasko ita ce gindi ya kama, sama kuma da tsakiya ba su nuna ba. Maganinta: da zarar ruwa ya tsotse a janye itace a bar garwashi kaɗan, a rufe shinkafar da ganyen ayaba, a sa murfi, a zuba garwashi a kan murfin. Matsalar da ta fi wannan haɗari ita ce kaza. A zafi da laimar ƙasar, ɗanyar kazar da aka kawo tun jiya aka bari a roba ba ƙanƙara tana lalacewa, kuma jan yaji yana ɓoye warinta. A 2013 an rasa rayuka a jihar Kedah bayan cin kaza a wata walimar aure. Don haka kaza ta zauna cikin ƙanƙara har lokacin suya, a dafa kashi-kashi, kuma abin da ya wuce awa huɗu a kan tebur a ɗauke shi. Duk miyar da ke da madarar kwakwa ita ce farkon yin tsami. In kin ji wani wari, ki raɗa wa shugaban girki nan take, ba wurin kara ba ne.

A birane yanzu iyalai da yawa kamfanin girki suke ɗauka. In haka ne, rewang zai koma dafa ƙwai, naɗe kyaututtukan baƙi da gyaran gida. Ki je duk da haka.

Ɗaurin aure ana yinsa kwana ɗaya kafin walima ko da safiyar ranar, a masallaci ko a gidan amarya, a gaban jami'in ofishin addini. Ango ya riƙe hannun waliyyi ko jami'in, ya amsa a numfashi ɗaya, shaidu su tabbatar. Jihohi da dama sun yanka mafi ƙarancin sadaki: ringit 22.50 a Johor, ringit 300 a Selangor. Kuɗi mai nauyi shi ne na hantaran, wanda ango ke ba gidan amarya don hidimar biki, kuma shi ke kaiwa dubbai. Tirarrukan kyautar da gidan ango ke kaiwa adadinsu mara ne, ba cika ba, gidan amarya kuma su mayar da ƙarin biyu: biyar a mayar da bakwai, bakwai a mayar da tara.

Walimar kanta daga sha ɗaya na safe zuwa huɗu na yamma take. Baƙi su zo, su gaisa da masu gida a bakin rumfa, su ci, su tashi bayan rabin awa ko fiye kaɗan don wasu su sami kujera. Butar da ke kan tebur ta wanke hannu ce, ba ta sha ba. Wajen azahar ango zai iso da masu kiɗan kompang, ganguna masu fuska ɗaya da ake bugawa da tafin hannu, a zaunar da shi da amarya a kan ƙawataccen gado, manya su zo ɗaya bayan ɗaya suna yayyafa musu ruwan fure a hannu. Gudummawa a ambulan ake sa ta, a ninke ƙarami, a sulala a tafin uwar amarya lokacin sallama, ba a sanarwa. Ringit 30 zuwa 50 ya yi wa maƙwabci, mai kusanci ya ƙara. Mace da mace gaisuwarsu da hannu biyu ce, sannan a kai su ƙirji. Ga namiji, ɗan rusuna kai ya isa. Za a ba ki dafaffen ƙwai a naɗe da fure ko wata ƙaramar kyauta, ki karɓa da dama. Bayan La'asar ki sake kaya ki koma, lokacin ne tulin kwanuka ke jiran hannu kuma mutane sun watse.

An kafa rumfar biki ta toshe layinmu tun Juma'a, motata ba ta iya fita. Doka ta yarda da haka? (Ma'aikaci, Johor Bahru)

Ɗan'uwa, a ƙa'ida mai biki yana neman izinin ƙaramar hukuma kafin ya rufe hanya, yana kuma zagayawa ya sanar da maƙwabta. A aikace, a layukan gidajen da ke manne da juna al'ada ce da kowa ya yarda da ita, domin kowa ranarsa na zuwa. Ana kafa rumfar Alhamis ko Juma'a, a kwance ta Litinin. Lokacin hutun makarantu ya fi yawa. Fitar da motarka zuwa bakin layi tun daren da ka ga an sauke ƙarafa. In akwai mara lafiya ko mai tsohon ciki a gidanka, sami mai gidan bikin a keɓe ka faɗa masa, za a bar maka mafita. Hon da ɗaga murya a bakin rumfa abu ne da ba a mantawa a unguwa.

Assalamu alaikum. An yi rasuwa a gidan da ke kallon namu, na rasa abin yi har aka binne. Yaya suke yi, kuma mene ne "khairat" da ake karɓar kuɗinsa? (Mai karatu, Bangi)

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mamacin. Khairat kematian asusun jana'iza ne na masallaci ko surau. Kowane gida yana biyan 'yan gomomin ringit a shekara, in rasuwa ta faru asusun ya ɗauki likkafani, wanka, haƙan kabari da motar gawa, wani lokaci har da ɗan kuɗi ga iyalai. Kowane kwamiti da ƙa'idarsa game da wanda ba ɗan ƙasa ba, don haka ka tambaya tun kana lafiya, ka rubuta sunan kowa na gidanka. Wanda ya bari kuɗinsa ya taru bai biya ba, yakan tarar sunansa ya fita daga rajista a ranar da ya fi bukata.

Ba a binnewa sai da takardar izini. In a asibiti aka rasu, asibiti ke bayarwa. In a gida ne, sai an kai rahoto ofishin 'yan sanda. Ga baƙo kuma sai an haɗa da ofishin jakadancin ƙasarsa. Da takarda ta fito ake sanarwa a lasifikar surau da WhatsApp, kuma galibi a ranar ake binnewa, bayan Azahar ko La'asar.

Abin da ake so daga maƙwabci: ka shiga gidan da wuri, ka zauna ka karanta Yasin, ka sulala ɗan kuɗi a hannun magaji ko a kwanon da aka ajiye. Maza su bi gawa masallaci da maƙabarta, inda liman zai karanta talƙini bayan an rufe kabari. Mata su kai dafaffen abinci. Dare uku a jere ana tahlili bayan Magariba ko Isha'i, wasu su ƙara ranar bakwai, arba'in da ɗari. Tunda gidanka ne ke kallon nasu, buɗe ƙofar harabarka ka fito da kujeru, ka bar masu ta'aziyya su ajiye takalma da ababen hawa. Yanzu ma bai ɓaci ba, je ka yi gaisuwa.

Assalamu alaikum. Wannan ne azuminmu na farko a nan. Wa ake ba zakkar fidda kai? Kuma an ce ana "buɗe gida" da Sallah, yaya ake yi? (Matar ɗalibi, Serdang)

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Farkon azumi da ranar Sallah Mai Riƙe da Hatimin Sarakuna, jami'in majalisar sarakunan ƙasar, shi ne ke sanar da su a talabijin, ƙasar duka rana ɗaya. Zakkar fidda kai kuɗi ake bayarwa, a hannun amil, wakilin da majalisar addini ta jiha ta naɗa. Za ki gan su da ƙaramin tebur a masallatai da manyan kantuna, suna ba da rasit. Kowace jiha tana sanar da farashinta bisa kuɗin shinkafa kimanin kilo 2.7. A shekarun nan mafi ƙaranci ya tsaya wajen ringit 7 a jihohi da dama, da matakai sama da haka ga masu cin shinkafa mai tsada. Maigidanki ya biya a jihar da kuke zaune, kada ya bari sai daren Sallah, layi yana tsawo.

A cikin watan, surau yana raba kwanaki ga gidaje. Wasu su ɗauki buɗa-baki, wasu su ɗauki moreh, ɗan abincin da ake ci bayan tarawihi. Ku sa sunanku a jadawalin ko da dare ɗaya ne. Masallatai kuma suna dafa bubur lambuk, faten shinkafa da nama da madarar kwakwa, a raba kyauta bayan La'asar. Na Masallacin Kampung Baru a Kuala Lumpur shi ya fi suna. A goman ƙarshe za ki ga an jera fitilun kananzir a kan sanduna a ƙofar gidaje, musamman daren ashirin da bakwai. Ki kula da yara kusa da su, da kuma wasan wuta, domin kowace shekara yana raunata yara.

Kwana biyu ko uku kafin Sallah unguwar za ta yi tsit, domin yawancin mazauna birni garuruwansu suke komawa. Kada wannan ya sa ki kewa. Idi wajen takwas zuwa takwas da rabi ake yi. Ranar farko ta dangi ce: 'ya'ya su durƙusa gaban iyaye su nemi gafara, a ziyarci maƙabarta. Gaisuwar da za ki haddace ita ce "Selamat Hari Raya, maaf zahir dan batin", barka da Sallah ce haɗe da neman yafiya. Hutun gwamnati kwana biyu ne, amma ziyara Shawwal gaba ɗaya ake yi, kuma buɗe gida a ƙarshen mako na biyu zuwa na huɗu ya fi yawa, bayan mutane sun dawo.

Mai buɗe gida yana yanka lokaci, misali biyu na rana zuwa shida, ya jera abinci kowa ya zuba da kansa. Cire takalma a ƙofa. Ko kin ƙoshi ki taɓa wani abu, ƙin ci gaba ɗaya yana sosa ran mai gida. Ki zuba kaɗan, domin ana iya zaga gida huɗu a yini. In ziyara ce ba gayyata, ki kira tukuna, saboda da yawa suna azumin Sitta Shawwal tun daga rana ta biyu.

Yaran unguwa za su zo ƙungiya-ƙungiya. Ki tanadi ƙananan ambulan, waɗanda bankuna da kantuna ke rabawa, galibi koraye. Ringit 2 zuwa 5 ya isa ga yaron unguwa, 10 ko fiye ga ɗan aminai. Canjin sababbin takardu a banki ake yi tun saura mako biyu. In ku ma za ku buɗe gida, ku tuntuɓi maƙwabta kada ranarku ta haɗu da ta wani a layi ɗaya, ku lissafa abinci da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu kan waɗanda kuka gayyata, domin ana zuwa da 'yan rakiya.

Na gwada lemang, shinkafar nan da ake gasawa a gora. Gindi ya ƙone, sama ɗanye, madarar kwakwar ta zube a wuta. Ina kuskuren? (Mai son girki, Ipoh)

Hajiya, alamomin ukun duk suna nuna cikawa da yawa da kuma wuta mai ƙarfi a gindi. Ga yadda masu yi suke yi.

A sami ɗanyar gora mai siririn bango, tsawon kamu ɗaya ko fiye kaɗan, gaɓarta ta ƙasa a rufe. A wanke cikinta. A yanka ɗanyen ganyen ayaba mai laushi, a naɗe shi a jikin tsagaggen ƙashin ganyen, a zura a gora, a zare ƙashin a bar ganyen ya buɗe ya rufe bangon, ya ɗan leƙo sama da yatsa biyu. In ganyen ya yage ko bai haɗu ba, shinkafa za ta bi bayansa ta manne da gora.

Kilo ɗaya na shinkafa mai danƙo yana son madarar kwakwa kimanin lita ɗaya, abin da kwakwa biyu ke bayarwa, da gishiri babban cokali ɗaya, kuma yana cika gora uku ko huɗu. A wanke shinkafar a tsane ta. Gishirin a madara ake narkar da shi, ta ɗan fi yadda ake so ɗanɗano. A zuba shinkafa kashi uku cikin huɗu na gorar, kada a danna. A zuba madara a hankali, a zura siririn tsinke don ta sauka har ƙasa, har ta haura shinkafar da gaɓar yatsa ɗaya. Madarar da aka matse tun safe aka bari a zafi ita ke sa lemang tsami, don haka a matse ta daf da zubawa.

Gorar a gefen wuta take tsayawa, a jingine a kan sandar ƙarfe, ba a cikin wutar ba. A fara da harshen wuta matsakaici har madara ta tafasa, gorar kusan a tsaye don kada ta zube. Da ta tsotse, a janye itace a koma garwashi. Ana juya kowace gora duk bayan minti sha biyar zuwa ashirin, ana ɗan buga gindinta a ƙasa don shinkafar ta zauna. A awa ta ƙarshe a ƙara kwantar da gorar, a matsar da garwashi wajen baki don saman ya nuna. Aikin awa huɗu zuwa biyar ne, shi ya sa maƙwabta ke haɗa wuta ɗaya a daren Sallah. A bari ya huce kafin a tsaga, in ba haka ba zai farfashe.

In ketupat za ki yi, 'yar jakar da ake saƙawa da ganyen kwakwa, shinkafa rabi ake zubawa ko ta ɗan haura. Ta yi yawa tsakiya ya yi tauri, ta yi kaɗan ya caɓe. A dafa awa huɗu zuwa biyar a nutse, ana ƙara tafasasshen ruwa kaɗai, sannan a rataye ya tsane. Wanda aka bari kwance a jiƙe yakan yi yauƙi kafin gari ya waye.

Assalamu alaikum. Ina son yin layya, amma gidan haya nake, ba fili. Yaya Malayawa ke yi? (Malami, Sintok)

Wa alaikumus salam, Malam. A harabar surau ko masallaci ake yi, kuma shanu suka fi yankawa, sai awaki. Saniya kaso bakwai ce. Kwamiti yana buɗe rajista wata ɗaya ko biyu kafin Sallah, wasu ma suna karɓar biya kaɗan-kaɗan tun farkon shekara. Ka biya kaso ɗaya da wuri, domin in bakwai ba su cika ba ana iya mayar maka da kuɗinka a ƙurarren lokaci. Yanka a wajen mayankar gwamnati yana bukatar izinin Sashen Kula da Lafiyar Dabbobi, kuma kwamiti ne ke nemowa tare da takardar lafiyar dabbar. Kada ka sayo akuya ka yanka a bayan gida. A mazhabarsu lokacin yanka yana kaiwa faɗuwar rana ta 13 ga Zulhajji, don haka wasu unguwanni suna ɗaga aikin zuwa rana ta biyu ko ta uku in ta faɗo a hutu. Hutun Babbar Sallah kwana ɗaya ne a yawancin jihohi, amma ku a Kedah biyu ne, haka Kelantan, Terengganu da Perlis.

Aikin yana farawa da an sauko Idi, ana so a gama kafin Azahar. An raba mutane: masu kayar da saniya da igiya, mai yanka da kwamiti ya amince da shi, masu fiɗa, masu saran ƙashi, masu awo da ƙullawa. Za a kira sunanka ka tsaya kusa lokacin da ake yanka saniyar da kake da kaso a ciki. Je da wuƙarka da dutsen wasawa, in ka iya fiɗa ka faɗa, hannu irin wannan kullum yana ƙaranci. Naman kashi uku ake yi, na masu layya, na maƙwabta, na mabukata, kuma da kati ake karɓa don kada a yi turmutsutsu. Ƙashi a dafa romo a babban kasko, ma'aikata su ci da shinkafa.

Ɓarnar nama daga wuri uku take zuwa. Ƙulle shi da ɗuminsa a leda yana sa ya yi gumi ya yi tsami kafin ya isa gida, don haka a rataye shi ko a baza a kan tebur a inuwa ya sha iska tukuna. Wanke shi da ruwa kafin a ƙulla yana gaggauta lalacewa. Kayan ciki kuma a wanke su nesa da wurin awo, a sa su a leda daban. Ramin jini a haƙa shi tun jajibere, zurfinsa ya kai ƙugu, kuma a rufe shi da ƙasa tare da dattin tumbi kafin a watse, in ba haka ba ruwan yamma zai kwashe shi zuwa kwatar unguwa.